Filashi a ɗakin biki: tambayoyin da masu ɗaukar hoto suka fi yi da amsoshinsu

Ɗakin biki da daddare yana cikin wuraren da suka fi ba mai ɗaukar hoto wahala. Hasken bai kai ba, ɗan wanda ke akwai ɗin ma kala-kala ne, mutane kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yawancin amsoshin da ke ƙasa tushensu ɗaya ne: a duk hoton da aka ɗauka da filashi, haske biyu ne ke aiki lokaci guda, na filashi da na ɗakin, kuma kowanne da abin da ke sarrafa shi.

Me ya sa mutane ke fitowa da haske fau, bayansu kuma baƙi ƙirin?

Saboda hasken filashi yana mutuwa da sauri idan ya yi nisa. In ka ninka nisa sau biyu, ba rabin haske ne ke isa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mutumin da ke mita 1 daga gare ka ya fi bangon da ke mita 4 samun haske sau 16. Kyamara tana auna filashi ne don wanda ke gabanta, sai bangon ya faɗa duhu.

Ƙara ƙarfin filashi ba ya gyara wannan, sai dai ya ƙone fuskar na kusa. Bayan hoto aikin hasken ɗakin ne, kuma shota, wato labulen cikin kyamara da ke buɗewa ya rufe idan ka danna, ita ce ke ba shi damar shiga. Filashi yana ƙyaftawa ne cikin kusan 1/1000 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka sosai idan an rage masa ƙarfi, don haka ko shota ta daɗe a buɗe ko ba ta daɗe ba, hasken filashin da sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) ta samu ɗaya ne. Fitilun ɗaki kuwa, gwargwadon daɗewar shota gwargwadon shigarsu. Ka sauko da gudun shota daga 1/200 zuwa 1/50 na daƙiƙa, bayan hoto ya samu haske ninki huɗu, fuskar da filashi ya haska ba ta wani canza ba. Ƙofar haske (ramin idon kyamara da ake faɗaɗawa ko tsukewa, mai lambar f) da ISO (yadda sensa ke jin haske) su suna taɓa duka biyun.

To da wane saiti zan fara?

Ka sa kyamara a M, wato saitin hannu, ka bar filashi a TTL, inda kyamara ke auna masa ƙarfi da kanta. Ka fara da ISO 800 ko 1600, ƙofar haske f/4 (ko f/2.8 in mutum ɗaya ko biyu kake ɗauka), shota 1/60. Daga nan ka kashe filashi ka ɗauki ɗakin haka nan. Abin da kake nema shi ne ɗakin ya fito da ɗan duhu, kamar mataki ɗaya ƙasa da daidai (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko rage shi da rabi), amma ana ganin fitilu da ado da mutanen baya. In ya yi duhu da yawa, ka ɗaga ISO ko ka rage gudun shota. Sai ka gamsu da ɗakin sannan ka kunna filashi don fuskoki.

Kada ka bar kyamara a P ko Auto, inda ita ke zaɓar saiti da kanta. A can yawancin kyamarori suna tsayar da shota wajen 1/60 da ISO ƙasa-ƙasa, su ɗora wa filashi dukan aikin, hoto ya fito da wannan baƙin bayan da muka yi magana a kai. A Av ko A kuma, inda kai ke zaɓar ƙofar haske kyamara ta zaɓi gudun shota, wasu kyamarorin sukan ja shota har rabin daƙiƙa ba tare da ka sani ba, komai ya rikice.

Kyamarorin yanzu suna jure ISO mai yawa. Ba zan iya barin filashi gaba ɗaya ba?

Wani lokaci za ka iya, kuma idan ɗakin yana da kyakkyawan haske, kashe filashin ma ya fi. Sai dai ISO yawan haske yake ƙarawa, ba ya gyara ingancinsa. In fitilar tana bisa kai, ramin ido zai cika da inuwa ko da ISO nawa ka kai. In fitilar shuɗiya ce ko shunayya, fuska haka za ta fito. Filashi shi ne kaɗai hasken da kai ke zaɓa masa inda zai fito da launin da zai zo da shi.

Ƙaramin filashin da ke jikin kyamara bai isa ba?

Ana auna ƙarfin filashi da wata lamba da ake rubutawa GN. Ka raba ta da lambar ƙofar haske, sai ka samu iyakar nisan da zai kai a ISO 100. Na jikin kyamara yawanci GN 12 ne ko kusa da haka: a f/4 mita 3 ke nan. A ISO 400 nisan ya ninka zuwa mita 6. Manyan filashin da ake ɗorawa a kan kyamara, irin na Canon da Godox, sukan kai GN 60, amma ka lura, ana auna wannan lamba ne idan an tsuke hasken zuwa 200mm, wato daidai da idon kyamara mai jawo nesa. A faɗin 35mm, inda aka fi aiki a biki, lambar ba ta kai 40 ba.

Rashin ƙarfi ma ba shi ne babban aibin ƙaramin filashi ba. Kansa ba ya juyawa, kuma yana dab da idon kyamara. Haskensa yana dukan fuska kai tsaye, ya baje ta, ya fito da ƙyallin goshi, ya ajiye inuwa mai kaifi a bango. In za ka sayi filashi, ka duba cewa kansa yana ɗagawa sama kuma yana juyawa hagu da dama har baya. Wannan ya fi lambar GN muhimmanci.

Ana ta cewa a jefa haske silin. Yaya ake yi?

Laushin haske ya danganta ne da girman abin da yake fitowa daga gare shi. Fuskar filashi ba ta kai tafin hannu ba, shi ya sa inuwarsa ke da kaifi. Da zarar ka juya kansa ya doki farin silin ko bango, wannan babban wurin da ya haska shi ne ya zama fitilarka, hasken ya dawo a baje, da laushi, ya kuma rarrabu a ɗakin har na baya su samu.

Inda mutane suka fi kuskurewa shi ne kusurwa. Da yawa sukan ɗaga kan filashi rabi, ya kalli gaba da sama, alhali mutumin yana kusa. Sai wani ɓangaren hasken ya doki goshinsa kai tsaye, sauran ya sauka bayansa. Wasu kuma su miƙe shi sama sak, hasken ya sauko daga tsakar ka, ido ya shige inuwa, ƙarƙashin hanci da haɓa su yi duhu. Abin da na fi so shi ne a juya kan ya kalli baya ta saman kafaɗa, ya ɗan karkata gefe, ya doki inda bango da silin suka haɗu. Hasken sai ya zo daga gaba da gefe, daga ɗan sama, kamar na taga. Fuska tana samun gefe mai haske da gefe mai ɗan inuwa, wanda shi ke ba ta siffa. Dabara mai sauƙi: ka tambayi kanka, da fitila ce zan ajiye wa wannan mutum, ina zan so ta kasance? Can za ka nuna kan filashi. In yana kallon hagunka, ka jefa haske hagu, ya same shi ta inda fuskarsa ta juya.

Akwai asara, dole. Hasken yana tafiya zuwa bango ya dawo, bangon kuma yana shanye wani abu, don haka mataki biyu ko uku sukan tafi. Wannan ne dalilin da ya sa ISO 1600 ya fi 200 amfani ko da kana da filashi: kana rage masa wahala, ya yi saurin sake cika, batir ya daɗe. Sannan ka riƙa waiwayawa kafin ka danna. Wanda ke tsaye a bayanka shi zai sha hasken a ido.

Idan silin ya yi nisa, ko baƙi ne, ko mai launi fa?

Silin mai launi yana shafa wa haske launinsa. Na katako yana sa fata ta yi ja-ja, kore kuwa babu fuskar da yake wa kyau. In launin bai yi tsanani ba kuma kana ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, za a gyara daga baya. In ya yi tsanani, ka nemi wani abin: farin labule, ginshiƙi, bangon gefe, har farar rigar wani na kusa tana iya aiki.

Kada ka yi saurin fid da rai da silin mai tsawo. A ISO 3200 da f/2.8, babban filashi yana iya dawo da haske daga nisan da ba ka zata ba, musamman in ka tsuke haskensa da hannu zuwa 85mm ko 105mm don kada ya watse a hanya. In duk ya gagara, saura hanya biyu. Ko ka cire filashi daga kan kyamara ka riƙe shi a hannun hagu, sama da gefe, da waya ko na'urar rediyo mai aiki a 2.4GHz. Ko ka haska kai tsaye amma ka rage shi, ka bar hasken ɗaki ya yi yawancin aikin, filashi ya share fuska kawai.

Wannan farar hular roba da ake sa wa filashi tana da amfani?

Kaɗan. Ba ta ƙara girman fitilar, watsa hasken take yi ko'ina don ya doki bango ya dawo. A ƙaramin ɗaki mai farin bango tana taimakawa. A babban zaure batir kawai take ci. Ɗan farin katin da ake zarowa daga kan filashi ya fi ta amfani a wurina, domin idan kan yana kallon sama yana turo ɗan haske gaba, ya sa ɗigon haske a ƙwayar ido.

TTL ko saitin hannu?

A TTL, filashi yana sakin ɗan ƙaramin haske kafin ainihin hoton, kyamara ta auna abin da ya dawo, ta yanke ƙarfin da za a saki. Canon suna kiran nasu E-TTL II, Nikon kuma i-TTL. Ga wanda ke yawo cikin taro, nisa yana canzawa kowace daƙiƙa, bangon da ake jefa wa haske ma haka, TTL ya fi. Sai dai yana ruɗuwa. Fararen tufafi sukan sa ya ga kamar haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta yi duhu, kuma abin ya fi fitowa fili idan mai farin kayan baƙar fata ne. Baƙaƙen kaya da baƙin baya kuma sukan sa ya zuba haske fiye da kima. Maganinsa maɓallin ƙari da ragi na filashi: +2/3 ko +1 ga farare, -2/3 ga baƙaƙe, kana dubawa. In farin kaya ya fara ƙonewa har saƙarsa ta ɓace, ka tsaya nan, ka ɗaga fuskar daga baya a RAW.

Saitin hannu na wurin da nisa ba ya canzawa ne, misali kusurwar da aka keɓe mutane suna zuwa ana ɗaukarsu. Ka saita ƙarfin filashi a 1/8 ko 1/4 sau ɗaya, duk hotunan su fito iri ɗaya.

Akwai mutanen da kullum idonsu a rufe yake fitowa. Laifin wa?

Sau da yawa laifin wancan ɗan hasken awo ne. Wasu idonsu na da saurin ƙyaftawa, kafin babban hasken ya zo sun riga sun rufe. Ka koma saitin hannu, ko ka yi amfani da makullin awon filashi (FEL a Canon, FV a Nikon), wanda ke sakin hasken awon tun da wuri, hoton ya biyo baya da haske ɗaya tak.

Jan ido kuwa hasken ne ke shiga ƙwayar ido da ta buɗe saboda duhu, ya doki bayan idon inda jijiyoyin jini suke, ya dawo cikin idon kyamara. Yana faruwa ne idan filashi yana kusa da idon kyamara kuma mutumin yana nesa. Da ka jefa haske bango, ya ƙare.

Na ga baƙin layi ya yanke rabin hoto. Kyamarar ce ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Shota labule biyu ce, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. In gudun ya wuce wata iyaka, yawanci 1/200 ko 1/250, na biyu yana tasowa kafin na farko ya kai ƙarshe, ba a samun lokacin da sensa take buɗe gaba ɗaya, sai filashi ya haska ɓangare kawai. Ka koma ƙasa da iyakar. Akwai wani saitin filashi, HSS, da ke ba da damar wuce ta, amma yana cin ƙarfin filashi sosai, kuma a ɗaki mai duhu babu abin da zai kai ka can. Wani abu kuma: kyamarori da yawa ba sa tayar da filashi idan an sa su a shota marar ƙara. In ya ƙi tashi, nan za ka fara dubawa.

Fuska tana fitowa daidai amma ɗakin ruwan lemo, ko ɗakin daidai fuska shuɗiya. Me ke faruwa?

Hasken filashi launin rana yake da shi, wajen 5500K a ma'aunin launin haske. Fitilun ɗaki masu ɗumi suna tsakanin 2700K da 3200K. Kyamara ba ta iya daidaita fari don biyu a hoto ɗaya. Ana sayar da 'yar leda mai ruwan lemo, CTO, da ake mannawa a fuskar filashi don launinsa ya matso kusa da na fitilun, sai ka sa saitin daidaita fari na kyamara wajen 3200K. Ni rabin CTO na fi so, da kyamara wajen 3800K zuwa 4000K: fata ta fito daidai, ɗakin kuma bai rasa ɗuminsa ba. Ɗan ruwan lemo a bayan hoto ba aibi ba ne, haka ido ya ga wurin. Fitilun rawa masu canza launi kuwa kada ka yi kokawa da su, ka bar su a baya yadda suke.

Yaya ake ɗaukar masu rawa su fito sarai amma a ga motsi?

A nan haske biyun nan suke nuna amfaninsu. Ka sauke shota zuwa 1/15, ko 1/8 in kana son abin ya yi yawa, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/5.6 ko f/8, ISO wajen 400, ka matso kusa, kana amfani da idon kyamara mai faɗi irin 24mm. Filashi zai tsayar da mutumin cak, fitilun baya kuma su ja zare saboda daɗewar shota. In ka ɗan murɗa kyamara ko ka ja ta gefe lokacin da shota ke buɗe, zaren ya yi lanƙwasa. A wannan salon kai tsaye ake haskawa, an fi samun kaifi. Sharaɗinsa shi ne mai rawar ya kasance cikin duhu. In wata fitila mai ƙarfi tana kansa, fuskarsa za ta fito biyu, ɗaya sarai ɗaya dishi-dishi.

Za ka ji ana cewa a sa filashi ya tashi a labule na biyu, wato a ƙarshen buɗewar shota, don zaren motsi ya kasance bayan mutum maimakon gabansa. Ga wanda ke tafiya ta fuska ɗaya gaskiya ne. Ga mai rawa da ke juyi ko'ina bambancin kaɗan ne, kuma labule na farko yana ba ka ainihin lokacin da ka danna. Hoto goma irin wannan sun isa biki guda, in suka yi yawa ido yana gajiya da su.

Kyamara tana ta neman fokas a duhu, har abin ya wuce.

Ka nuna mata inda fari da baƙi suka haɗu, kamar bakin wuyan riga, ba tsakiyar kumatu ba. Manyan filashi suna da jan haske mai zane da ke taimaka wa fokas, amma a yawancin kyamarori sai a AF-S ko One Shot, wato fokas mai kamawa sau ɗaya ya tsaya, yake aiki, kuma da yawa daga kyamarori marasa madubi a ciki ba sa amfani da shi sam. A filin rawa akwai hanya mafi sauƙi: 24mm, f/8, ka sa fokas da hannu a mita 2 ka bar shi. Daga kusan mita ɗaya da 'yan kai zuwa can baya duk zai fito.

Hoton rukuni fa? Na gaba suna haske, na baya duhu.

Dokar nisa ce dai. In layin gaba yana mita 2, na baya mita 3, na baya bai samu ko rabin hasken na gaba ba. Ka ja baya zuwa mita 5, na baya ya zama mita 6, bambancin ya koma kusan rabin mataki. Ka sa f/5.6 ko f/8 don layukan su shiga fokas, ka janye su daga jikin bango, ka hau wani abu in akwai. Ka ɗauka sau uku ko huɗu, dole wani ya rufe ido.

Masu tabarau, madubi da gumi?

Haske yana barin abu mai sheƙi ne a kusurwar da ya zo masa. Kada ka tsaya sak gaban madubi, gilashin taga ko bango mai sheƙi, ka koma gefe. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da haɓa. Ƙyallin gumi kuwa jefa haske bango yana rage shi, hankici ya ƙarasa sauran.

Wane batir ya fi, kuma me ya sa filashi ke tsayawa ana tsakiyar aiki?

In naka mai cin AA huɗu ne, ka nemi masu caji na NiMH irin Eneloop. Sun fi na alkalin saurin cika filashi nesa ba kusa ba, kuma ba sa yin sanyi a hankali yadda na alkalin ke yi. Ka tafi da saiti biyu ko uku, ka canza tun kafin muhimmin lokaci ya zo. Masu batirin litiyam nasu na kansu sukan cika cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi ko da an saki dukan ƙarfi. Tsayawar kuwa yawanci zafi ne: in ka jera harbi da cikakken ƙarfi, filashi yana kashe kansa ko ya rage gudu don kada ya ƙone. Ka ɗaga ISO mataki ɗaya, ƙarfin da yake buƙata ya ragu da rabi.

Na samu tsohon filashi na zamanin fim. In ɗora shi?

Ka bincika tukuna. Wasu tsofaffi, kamar Vivitar 283 na farko-farko, suna tura sama da bolt 200 ta ƙafarsu, abin da kan iya ƙona kyamarar zamani. A auna shi da mita, ko a tayar da shi daga nesa ba tare da ya taɓa kyamara ba. Kuma kada ka kwance filashi don gyara, tsoho ko sabo. Kafasitar da ke ciki, wato abin da ke tara masa wuta, tana riƙe da kusan bolt 300 ko bayan an cire batir.

Filashin waya zai yi?

Na waya fitilar LED ce, ba kwalbar zenon mai ƙyaftawa irin ta filashin kyamara ba, don haka ba ta da ƙarfi kuma ba ta tsayar da motsi. An taɓa yin wayoyi masu zenon, irin Nokia Lumia 1020 ta 2013, amma an bar yayinsu. Da waya, gara ka juya mutum ya fuskanci fitilar ɗakin, ko wani ya haska shi da tocilar wata wayar daga gefe.

Filashi yana cutar da ido? Yaya zan yi kada in dami mutane?

Filashin hoto daga nisan da aka saba ba ya lalata ido, sai dai ya ɗauke gani na ɗan lokaci. Duk da haka babu dalilin harba shi kai tsaye a fuskar jariri daga kusa alhali ga bango. Abin kiyayewa shi ne masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa, waɗanda ƙyaftawa a jere da sauri ke iya jawo musu matsala. In an gaya maka akwai irinsu a wurin, ka daina harbi a jere, kada kuma ka taɓa saitin Multi, mai sa filashi ƙyaftawa sau da yawa a jere.

Sauran ladabi ne. Ka tambayi masu biki tun farko ko akwai lokacin da ba a son filashi. Ka yi gwaje-gwajenka kafin baƙi su cika ɗakin. In akwai mai ɗaukar bidiyo ku yi magana, domin kowane harbinka yana barin farin layi a aikinsa. Lokacin jawabi hoto biyu ko uku sun wadatar, kuma kada ka ɗauki mutum yana tauna.